Rijiyar da Ta Faɗo a Lambun Kawu

Ni mutumin Gwandu ne, can aka binne cibiyata, amma ba can na yi wayo ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai yayan mahaifiyata ya zo ya ɗauke ni ya kai ni gidansa, a wani ƙauye na ƙasar Kalgo, gaba kaɗan da Dangoma. Shi ma daga Gwandu ya taso tun yana saurayi, ya bi fadama ya zauna can. Ya yi aure a garin, ya yi furfura a garin, amma in za a yi kwatancensa sai a ce baƙon nan na Gwandu. Da yake daga baya ya zo, lambun da ya samu yana can ƙarshen fadama, inda ruwa ke fara janyewa da zarar rani ya yi nisa.

Da jigo Kawu yake ban ruwa. Dogon itace ne a kan gwafa, da dunƙulen laka a gindinsa, guga a kansa. Ka sunkuya ka tura gugan cikin rijiya, ka miƙe ka juye ruwan a magudana, ka sake sunkuyawa, haka tun sallar asuba har rana ta take. Albasa yake shukawa, da tattasai kaɗan. Da wannan sunkuyon ya ciyar da ni, da shi ya sa ni makaranta. Ina ƙarami nakan taka masa baya in ya dawo gida, yana kwance rub da ciki yana cewa in ƙara matsawa ƙasa, can ne ciwon yake.

Abu ɗaya ne ya ba shi daraja a garin duk da baƙuncinsa. In an yi watanda, wato mutane sun haɗu sun sayi sa an yanka an kasa naman tsibi-tsibi, shi ake kira ya jefa kuri'a. Sai ya juya baya, kowa ya samo tsinkensa ya yi masa alama, a tara a hula a miƙa masa, shi kuma ya bi tsibin naman yana ɗora tsinke ɗaya-ɗaya ba tare da ya san na wane ne ba. Wata shekara namu ya faɗa kan tsibin da rabinsa ƙashi ne da jijiya. Na ga kowa ya shagala da surutu, sai na kai hannu zan matsar da tsinkenmu zuwa na kusa. Ban ga tahowar hannunsa ba, zafi kawai na ji a bayan yatsuna. Ya ce, "Tsinke in ya sauka ya sauka. Ko ƙashi na, shi za mu ci." Ƙashin kuwa muka ci, ina ci ina hawaye.

Na yi karatun lissafi. Ban ce na fi kowa ba, amma kaina yana ja. Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi aka ɗauke ni aiki a wani ofishin noman rani da ke Kalgo, kuma ni aka ɗora a kan kwamfutar ofishin, don babu wanda ke son taɓa ta. Guda ɗaya ce tal, mai baƙin allo da koren rubutu, tana da rigarta ta leda da ɗakinta na musamman. Sai an tayar da janareta take aiki, janaretan kuwa sai ya ga dama. Da wani tsohon littafi mara bango na koyi yi mata magana da yaren da ake kira BASIC. Ka rubuta mata umarni layi-layi, ta bi, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Wallahi na ji daɗin zama da ita, don ni mutum ne mai saurin fushi, ita kuwa ba ta musu.

Sai ga maganar rijiyoyi ta taso. Za a haƙa wa wasu ƙauyuka rijiyoyin bututu a fadama, kowace da injin ban ruwa, ƙauyenmu na ciki. Rijiyoyin ba su da yawa, lambuna kuwa sun fi a ƙirga. An taɓa irin wannan rabon a baya, duk suka tafi lambunan masu baki, aka yi ta tsegumi har da ƙorafi. Saboda haka wannan karon aka ce babu hannun mutum, kwamfuta ce za ta jefa kuri'a. Shugaban ofishinmu, wani dattijo mai fara'a da yawan magana, ya shimfiɗa taswirar ƙauyen a tebur, ya kafa tsinin kamfas a kan masallacin Juma'a, ya zagayo da'ira da ta haɗiye fadamar kusan duka. Ya ce, "To malamin lissafi, ga aikinka. Ka sa ta zubo mana ɗigo-ɗigo a cikin wannan da'irar, inda Allah Ya so. Lambun da ɗigo ya faɗa, nan rijiya." Na duba taswirar. Lambun Kawu na ciki, amma da ƙyar, layin fensirin ya kusa gogar gefensa.

Aikin bai yi mini kama da mai wuya ba. Kwamfuta tana da umarnin da ke ba ka lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi, tsakanin sifili da ɗaya, ba ka san wadda za ta fito ba. Na ce kowane ɗigo lamba biyu yake buƙata. Ta farko ta faɗi inda za a fuskanta, gabas ne ko yamma ko tsakaninsu. Ta biyu ta faɗi nisan da za a yi daga masallaci. Na rubuta layukan kafin azahar, na sa ta buga gwaji a takarda, ɗigo daidai yawan rijiyoyin. Na ɗora takardar kan taswira a jikin gilashin taga, na ga sun zauna lafiya lau cikin da'ira. Sai janareta ya yi tari ya mutu. Na bar takardar a kan tebur na tafi sallah, ranar Alhamis ce, daga nan na wuce Gwandu wajen Inna, mahaifiyata.

Da na dawo ranar Litinin, sai na yi abin da littafin nan mara bango ya koya mini: kada ka yarda da aikinka sai ka wahalar da shi. Na ce wa kwamfuta ta zuba ɗigo ba iyaka a allo, in ga yadda suke bajewa. Na zauna ina kallo suna fitowa. Da farko ba a ganin komai. Can sai tsakiyar da'irar ta fara yin kore shar, ta dunƙule, gefe kuwa ɗai-ɗai nan da can. Na goge na sake, haka. Na sake, haka dai.

Na ɗauki fensir na zauna da abin, kuma bai daɗe ba na gano shi. In ka zana ƙaramar da'ira a tsakiya, mai rabin nisan babbar, filin da ke cikinta kashi ɗaya ne cikin huɗu na duka filin. Amma yadda na rubuta umarnin, rabin ɗigogin can suke faɗawa, tunda rabin lambobin ƙasa da rabi suke. Ke nan mai lambu a bakin gari ya ninka na ƙarshen fadama samun rabo, alhali an ce kowa daidai. Su wa ke da lambuna a bakin gari? Gidajen da suka kafa garin, masu bakin nan da aka ce ana gudu. Maganin kuwa kalma ɗaya ce a layi ɗaya. Kafin ka yi amfani da lambar nisa, sai ka ɗauki tushenta, abin da muke kira sikwaya-rut a makaranta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta mayar maka da ta farko. Wannan yana turo ɗigogin waje daidai gwargwadon yadda fili ke ƙara faɗi. Na gyara, na sake sakin su, suka baje sumul ko'ina kamar an yayyafa iri. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har na tafa ni kaɗai a ɗakin.

Na ruga na kira shugaba na nuna masa duka biyun a allo. Mutum ne mai fahimta, nan take ya gane. Amma maimakon ya yi murna sai ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Assha. Ai kuwa an yi aika-aika." Ashe ranar Alhamis ya shigo ɗakin bayan fitata, ya ga takardar gwajin, ya ɗauka an gama. Ran Juma'a ya haɗu da mai garin ƙauyenmu, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya zaro ta daga aljihu ya nuna masa. Kafin la'asar duk wanda ɗigo ya faɗa lambunsa ya ji, har an fara yi wa wasu barka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yallaɓai, wa ya ce maka an gama? Ko sa hannu babu a takardar nan!" Ya ce in yi haƙuri, laifinsa ne, amma yanzu yaya za a yi? Na ce yadda za a yi shi ne a yi daidai. Ba zan sa hannuna a kuri'ar da na san ta karkace ba, ko da za a kore ni. Sai ya ce to a kira dattawan garin, a yi ta a gabansu, kowa ya gani da idonsa.

Suka zo da hantsi, mai gari da liman da wasu dattawa, suka cika ɗakin kwamfuta da manyan riguna. Kawu ba ya ciki, yana lambu. Na yi musu bayani iya iyawata, na nuna musu dunƙulen nan na tsakiya. Suka kalla, suka gyaɗa kai irin na ladabi. Don in toshe bakin kowa sai na ce mai gari ya faɗi duk lambar da ta zo masa a rai, da ita kwamfuta za ta fara lissafinta, kuma shi zai danna da yatsansa. Ya faɗa, ya yi bismillah, ya danna. Injin bugawa ya yi ta ƙara ya tofo takardar. Shugaba ya ɗora ta kan taswira a jikin taga yana kiran lambunan ɗaya bayan ɗaya. Wasu a tsakiya, da yawa a waje. Da ya zo kan wani ɗigo can gefen layin fensir sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya waiwayo ya kalle ni. Ban buƙaci ya faɗa ba, na san wurin kamar tafin hannuna.

Mai gari ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Ashe na'ura ma ta san dangi." Aka yi dariya kaɗan. Ni kuwa jinina ya hau, na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka faɗi lambar, kai ka danna." Ya ce, "Haka ne, ɗana. Ni na danna." Ya tattara rigarsa suka fita.

Duk da haka da farin ciki na hau babur ɗin ofis da yamma na nufi ƙauye. Na ce su yi ta magana, gadon bayan Kawu dai ya huta. A hanya har ina lissafa masa yadda zai ƙara komaye, wato fangalin shuka, ya shuka tumatir, ya daina tashi tun duhu. Na same shi a ƙofar gida kan buzu yana gyaran igiyar guga. Labari ya riga ni zuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Can ya ce, "An ce kuri'a ta sauka tun ran Alhamis, kai kaɗ ɗauke ta."

Na ce, "Kawu, ba kuri'a ba ce, gwaji ne."

Ya ce, "Ɗigon ya hito ko bai hito ba?"

"Ya fito, amma a karkace."

"Mutane sun gani?"

"Sun gani, amma ba ni na nuna musu ba."

Ya ce, "To mi ya rage?"

Na tashi na shiga cikin gida na ɗauko faifai da ɗan gero a hannu. Na ajiye a gabansa, na ce ya dubi saƙar faifan, zoben tsakiya ɗan mitsitsi ne, na bakin kuwa ya kai kamu da yawa. Na ce in aka ba kowane zobe tsaba daidai wa daida, na tsakiya za su cushe, na baki su yi fayau, to haka na'urar ta yi da farko. Na jera masa tsabar ya gani. Ya daɗe yana kallo. Kawu ba ya da boko amma ba a yi masa bayani sau biyu. Ya ce, "Na gane. Tsibin bai kasu daidai ba." Na ce yawwa! Ya ce, "To ai tun ba a jefa ba aka gyara kashi. In an jefa, an jefa. Kai ka sani, ni na koya maka." Ya kwashe geron a tafinsa ya watsa wa kaji.

Na yi magana, na ƙara, har muryata ta fara tashi, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na ce mutanen ƙarshen fadama fa, su ba bayin Allah ba ne? Shi ke nan don shugabanmu ya yi azarɓaɓi sai a cuce su? Ya ce shi bai hana kowa karɓar tasa ba, kowa ya san abin da zai iya haɗiyewa. Ya ce, "Amma ni da ruwan lambu nika alwala. Kuma shekara nawa ina ɗora tsinke bisa naman mutane, ba wanda yat taɓa duban hannuna. Yanzu in zamna da rijiyar da ɗana yaɗ ɗauke ma wani ya aje min? Gobe in an yi watanda, da wane ido zan karɓi hula?" Na ce babu wanda na ɗauke wa komai. Ya ce in je masallaci da magariba in dubi fuskar waɗanda aka yi wa barka ran Juma'a.

Ban je ba. Na hau babur na koma Kalgo ina huci.

A ƙarshen mako na tafi Gwandu na kai ƙararsa wajen Inna, don na san in akwai mai iya tanƙwara shi, ita ce. Tana tsince shinkafa na zayyana mata komai, har faifan na sake ɗaukowa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni ban san zoben faifai ba. Abu guda zan tambaye ka. Da kag ga ɗigon sun taru tsakiya, Yaya ya faɗo maka a rai ko bai faɗo ba?" Ya faɗo mini mana. Ina kallon gefen allon nan fayau, ciwon bayansa na tuna. Amma don na tuna shi, shi ne lissafin ya zama ƙarya? Kashi ɗaya cikin huɗu dai kashi ɗaya cikin huɗu ne, ko ina da kawu ko ba ni da shi. Na faɗa mata haka da zafi. Ta ce, "To ka ji. Ni ban ce ka yi ha'inci ba. Amma kar ka sa ran ya sha ruwan nan." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ranar da masu haƙa suka iso da bututunsu da injinsu, ni na raka su da taswira a hannu, don ina ganin in Kawu ya ga kayan a ƙasa zuciyarsa za ta yi laushi. Mun same shi a bakin jigo. Ya saki gugan, ya zo ya gaisa da su hannu bibbiyu, ya tsinko musu albasa mai lawashi ya cika musu buhu. Sannan ya ce su yi haƙuri, sun sha hanya, amma ba a nan za su haƙa ba. Babbansu ya kalle ni. Na ce, "Kawu, don girman Allah." Ya ce, "Don girmanSa na." Ya koma ya kama igiyarsa. Muna tsaye muna jin kukan itacen jigon, har babban masu haƙa ya ce malam, rana na yi, ina ne na gaba? Na duba takarda na faɗa masa. Rijiyar da Kawu ya ƙi ta koma kan ɗigon da ke biye, wanda ya faɗa lambun wani ƙanen mai gari, a bakin gari, kuma shi bai yi wata-wata ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙin karɓar da ya yi bai wanke ni ba, sai ma ya tabbatar wa mutane zarginsu. Aka ce ai ga shi nan, kawun ma ya san abin da ɗan ya aikata. Sauran mutanen ƙarshen fadama da suka samu rijiya, waɗanda ba don gyaran nan ba da wuya su gan ta, ko ɗaya bai taɓa tsayar da ni ya ce sannu ba. In mun haɗu a kasuwar Kalgo sai su gaishe ni a gurguje, kamar wanda suka haɗa baki da shi a kan abin kunya. Shi kuwa darajarsa ta ƙaru. Watandar sallar da ta biyo baya, mai gari da kansa ya miƙa masa hular.

Ranin shekarar ya yi tsawo. Da injuna suka fara zuƙa ta ko'ina, ruwan rijiyarsa ya ƙara yin ƙasa, ya ƙara wa gugan igiya, ya sake ƙarawa. Kafin albasar ta gama ƙosawa ya bar rabin komayen suka bushe, don ba ya iya kai musu. Nakan je in same shi yana aiki, ga ƙarar injin maƙwabcinsa tana tashi, ruwa na malala har yana tsallakowa kan iyaka. Maƙwabcin ya ce ya ja ruwa kyauta, ya ce ya gode. Na ce to ni zan tara albashina in haƙa masa tasa, wadda babu ruwanta da ofis. Ya ce wa zai bi gida-gida yana bayanin wannan daban take da waccan? Kai, Kawu! Na yi fushi na ɗauke ƙafa wata da watanni, kuma wannan fushin ni ya ci, shi ko a jikinsa.

Ya ƙara 'yan shekaru yana jan jigon, yana rage komaye duk rani, har bayan ya ƙi miƙewa gaba ɗaya. Da ciwon ya kwantar da shi aka mayar da shi Gwandu wajen Inna don jinya. A lokacin an canza mana kwamfuta, an kawo masu launi, amma layukan nan nawa ana ta amfani da su a wasu ƙauyuka, ba a taɓa samun ƙorafi ba, tunda can babu wanda ya ga gwaji. Na je duba shi wata ranar Asabar da hantsi. Yana kwance a ɗakin zaure rub da ciki, ya rame, Inna na zaune gefe tana masa fifita. Ya ce in danna masa baya. Na sa tafin hannu a hankali, ya ce in matsa ƙasa, can ne.

Ina dannawa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wagga magana ta rijiya." Na ce na'am, Kawu. A raina na ce yau dai zai faɗa, zai ce ya yi tunani ya ga gaskiyata. Ya ce, "Na san don ni kay yi. Ka ga bayana, ka ji tausai. Ɗa na kirki haka shika yi. Kar ka riƙe abin a ranka, ni na yafe maka tun rannan."

Maganganu suka taso mini. Rabin nisa, kashi ɗaya cikin huɗu, lambar da mai gari ya faɗa da bakinsa, yatsan da ya danna. Duk suna nan a shirye, kuma duk gaskiya ne. Na ɗago na kalli Inna, ta daina fifitar tana kallona, ta girgiza kai a hankali.

Na ce, "Na gode, Kawu. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ce amin. Ya ce in ƙara dannawa, hannuna ya yi sanyi da yawa.